Auna Haja Kafin Ɗaukar Tallarta a Dillancin Intanet

Dillancin intanet sana'a ce da mutum ke tallata hajar wani, a biya shi la'ada idan an saya ta hanyarsa. Mai haja yakan ba dillali wani adireshi na musamman da ake kira mahaɗi, mai ɗauke da shaidarsa. Dillali ya sa mahaɗin a shafinsa, ko a ƙarƙashin bidiyonsa, ko a zauren WhatsApp da yake da jama'a. Duk wanda ya danna ya je ya saya, na'urar mai hajar za ta rubuta cewa wannan ciniki ta hannun wane ya zo, sai a ware masa kasonsa. Hajar ba tasa ba ce, ba ya ajiye ta, ba ya kai ta, ba shi ke karɓar kuɗin mai saye ba. Aikinsa haɗa mai nema da mai sayarwa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taso a ƙasar Hausa. A kasuwar hatsi ta Dawanau, da kasuwar shanu ta Wudil, da Kantin Kwari, dillalai sun daɗe suna cin abinci da sanin kaya da sanin mutane. Abin da ya sauya shi ne wurin cinikin da yadda ake ƙirga shi. Kamfanin Amazon ya buɗe nasa tsarin dillanci a 1996, ClickBank da Commission Junction suka biyo baya a 1998. Daga baya shagunan intanet na Najeriya irin su Jumia da Konga, waɗanda aka kafa a 2012, su ma suka ɗauki salon.

Abin da ke jan matasa zuwa wannan sana'a shi ne jin da suke yi cewa ba ta buƙatar jari. Gaskiya ne ba a sayen kaya a jibge, amma dillali yana zuba data, yana zuba lokaci, wani zubin har da kuɗin talla, sannan yana jingina sunansa a kan abin da ba shi ya ƙera ba. Duk waɗannan jari ne, kuma suna iya narkewa. Asara kan soma ne tun daga zaɓen haja: a ga la'ada mai tsoka, a ruga, a shafe watanni ana tallar abin da tun farko ba zai fitar da riba ba. Gogaggen dillalin dabbobi ba ya karɓar igiyar rago sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa ya ji nama, ya kora shi ya ga tafiyarsa. Irin wannan dubawa hajar intanet ke buƙata, kuma tana da matakai da kowane matashi zai iya koya.

La'ada: kaso da ainihin kuɗi

Abu na farko da ido ke faɗawa a kai shi ne kason la'ada, kuma shi ya fi ruɗi. Kashi 50 cikin 100 na hajar naira 2,000 naira 1,000 ne. Kashi 4 cikin 100 na hajar naira 150,000 naira 6,000 ne. Don haka a fara mayar da kaso zuwa kuɗi, a san nawa ke shiga aljihu a kowane ciniki. A kuma bincika a kan me ake lissafa kason, domin galibi sai an cire kuɗin kai kaya da haraji da rangwame sannan ake fitar da la'ada.

Bambancin kaso yana da dalili. Kayan da ake taɓawa da hannu, kamar waya, takalmi ko tukunya, kowane guda sai an ƙera shi, an adana shi, an yi dakonsa. Ribar mai sayarwa 'yar kaɗan ce, la'adar da zai iya bayarwa ma haka. Kayan da ake saukewa a waya ko kwamfuta kuwa, kamar kwas na bidiyo, littafi ko manhaja, sau ɗaya ake haɗa su, kwafi na dubu ba ya cin kuɗi fiye da na biyu. Shi ya sa a ClickBank ake samun hajar da la'adarta ta kai kashi 75. Girman kaso a nan arhar kwafi yake nunawa, ba ingancin abin ba. Wani lokaci ma alama ce ta an ninka farashi domin a sami abin raba wa masu talla.

Akwai la'adar da ake biya sau ɗaya, akwai mai maimaituwa. Wasu kamfanonin da ke sayar da hidimar wata-wata, kamar masu ba da hayar wurin ajiye shafin intanet ko manhajar lissafin shago, sukan ci gaba da biyan dillali muddin mutumin da ya kawo yana biya. Naira 1,500 duk wata har shekara ta kama naira 18,000, ta fi naira 10,000 ta lokaci guda. Sharaɗin dai shi ne masu saye su zauna. Idan yawancinsu suna ficewa bayan wata biyu, lissafin ya juye.

Mai haja ne ke yanka la'ada, shi kuma ke da ikon rage ta. A watan Afrilu na 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, ta kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 1, da sanarwar mako guda kacal. Waɗanda suka gina dukan sana'arsu a kan waɗannan kaya sun wayi gari aiki na nan yadda yake, abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba. Saboda haka hajar da ribarta ke tsaye a kan siririn zare ba abin dogaro ba ce, kuma hikima ce dillali ya zama yana da fiye da ƙofa ɗaya.

Buƙata da masu saye

Ribar haja tana ga haɗuwarta da mutanen da dillali ke iya kaiwa gare su. Abin da ya yi wa wani dillali riba zai iya zame wa wani wahalar banza, don jama'arsu ba ɗaya ba ce. Tambayoyi uku ne ke warware wannan: mutanen nan suna buƙatar hajar, suna da kuɗinta, kuma suna da hanyar biya da karɓa?

Ɗalibin da mabiyansa 'yan'uwansa ɗalibai ne, idan ya ɗauki tallar manhajar kamfanoni ta dala 200, zai iya samun masu yabawa da yawa ba tare da mai saye ko ɗaya ba. Da littafin shirin jarrabawa ya ɗauka, ko fitila mai caji ta karatun dare, da ya fi dacewa da aljihunsu da damuwarsu. Haka nan kayan da za a taso daga Amurka zuwa Sakkwato, kuɗin dako da na kwastan na iya fin farashinsu, ga biya da dala wanda ba kowane kati ke yi ba. A inda ake biya sai kaya sun iso hannu kuma, oda ba ciniki ba ce. Mutum na iya yin oda da dare, mai kawo kaya ya zo ya kira wayarsa bai ɗauka ba. La'ada ba ta tabbata sai an karɓa, an biya, wa'adin mayarwa ya wuce.

Hanya mafi araha ta gane buƙata ita ce kunne. Tambayar da mutane ke maimaitawa a zaure, da abin da suke kuka da shi a majalisa, su ne ke nuna inda kuɗi zai fita. Bayan kunne akwai Google Trends, wanda ke nuna kyauta yadda neman abu ke hawa da sauka a wata ƙasa cikin shekaru. Da shi ake bambanta hajar da ake nema kullum da wadda yayi ne ya ɗaga ta, za ta faɗi kafin dillali ya gama shiri.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Fanka mai caji kasuwarta na tashi daga Maris zuwa Mayu, rigunan sanyi da man shafawa a hunturu, yadi da takalma gab da Sallah, jakunkunan makaranta a Satumba. Hajar lokaci tana da riba ga wanda ya shirya tallarsa kafin lokacin ya kama. Wanda ya fara tallar fanka bayan ruwa ya sauka ya makara.

Sai batun gasa da kasuwar gari. Idan irin wayar da ake tallatawa tana nan a Farm Centre a Kano da farashi ɗaya ko ƙasa da haka, mai saye zai kalli bayanin dillali, ya gamsu, ya hau adaidaita sahu ya je ya taɓa ta da hannunsa ya saya. Dillali ya yi aikin, wani ya ci ribar. Hajar da ta fi dacewa da mahaɗi ita ce wadda samunta a kusa ke da wuya, ko wadda farashinta a intanet ya fi sauƙi a zahiri.

Lissafin dannawa

Adadi uku ake buƙata domin a fita daga zato: la'adar ciniki guda, yawan masu saye cikin masu danna mahaɗi, da yawan cinikin da ake warwarewa daga baya. Daga su ake fitar da abin da dannawa guda ke kawowa. Wannan ma'auni shi ke ba da damar kwatanta haja biyu da ba su yi kama ba.

A ƙaddara haja biyu. Ta farko fanka mai caji ce ta naira 40,000, la'adarta kashi 5, wato naira 2,000. Ta biyu kwas ne na naira 30,000, la'adarsa kashi 50, wato naira 15,000. Da ganin farko la'adar kwas ta ninka ta fanka sau bakwai da rabi. To, a ce mutum 1,000 sun danna mahaɗin kowacce. A ɓangaren fanka mutum 20 suka saya, domin ana zafi kuma sun san amfaninta. Ɗaya ya mayar, saura 19, la'ada ta zama naira 38,000, wato naira 38 a kowace dannawa. A ɓangaren kwas mutum 3 suka saya, ɗaya ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, saura 2, la'ada ta zama naira 30,000, wato naira 30 a kowace dannawa. Idan dillali ya biya talla a kan naira 33 kowace dannawa, ya kashe naira 33,000 a kowane ɓangare. Fanka ta bar masa ribar naira 5,000, kwas ya ja masa asarar naira 3,000.

Waɗannan alƙaluma misali ne, kuma da wata jama'ar sakamakon zai iya juyewa. Abin riƙewa shi ne hanyar: a tara abin da ya tabbata bayan mayarwa, a raba shi da yawan dannawa, a kwatanta da abin da aka kashe wajen samo kowace dannawa. In na farko bai fi na biyu ba, babu riba, komai kyan kason da aka rubuta.

Manyan dandalin dillanci suna nuna wasu alƙaluma da ke taimakawa kafin a fara. Commission Junction, wanda yanzu ake kira CJ, yana nuna matsakaicin abin da dillalai suka samu a kowace dannawa 100, na kwana 7 da na wata 3. ClickBank yana da ma'aunin da ya kira Gravity, wanda ke nuna yawan dillalan da suka yi ciniki da hajar cikin mako 12 da suka wuce, yana fifita cinikin baya-bayan nan. Idan ma'aunin ya yi sama, hajar na sayuwa, amma masu tallarta ma suna da yawa. Idan ya yi ƙasa ƙwarai, ko sabuwa ce ko ba ta tafiya. Dole a tuna cewa waɗannan alƙaluma daga jama'ar wasu dillalai aka tara su, waɗanda ƙila ƙasarsu da aljihunsu da hanyar biyansu sun bambanta. Manuniya ce ta inda za a duba, gwajin kai ne ke yanke hukunci.

Yawan masu saye kuma ya dogara da shafin mai haja, wanda ba ya hannun dillali. Kafin a tura masa mutum ko ɗaya, ya kamata a buɗe shafin da ƙaramar waya a inda sabis ba shi da ƙarfi, a ga tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya buɗe, a ƙirga matakai daga dannawa zuwa biya, a tabbatar hanyar biyan tana aiki. Shafin da ya gajiyar da dillali shi kansa zai kori wanda ya turo.

Kuɗin da ke fita

Masu farawa sukan ƙirga abin da ya shigo su manta da abin da ya fita, musamman idan a hankali yake fita. Data ce kan gaba, kuma tsadarta ta ƙaru tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Akwai kuɗin caji, da kuɗin sayen hajar don gwaji, da ladan da banki ko kamfanin tura kuɗi ke cirewa, da kuɗin talla ga mai biya.

Canjin kuɗi yana iya taimakon dillali, yana iya karya shi. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ake biyansa da dala yana kashewa da naira ya ga ƙari. Wanda kuɗin manhajojin aikinsa ko na tallarsa ke bin dala, la'adarsa kuwa da naira take zuwa, ribarsa ta zube ba tare da ya yi kuskuren komai ba. Don haka a san da wane kuɗi ake shiga, da wane ake fita.

Lokaci shi ne kuɗin da aka fi mantawa da shi. Matashin da ya shafe awa 60 a wata yana haɗa talla ya sami naira 12,000, awarsa ta kama naira 200. Sai ya kwatanta da abin da waɗannan awoyi za su kawo masa a ɗinki, ko gyaran waya, ko koyar da yara darasi, ko abin da za su ƙara masa a karatunsa. Amma a yi adalci wajen wannan lissafi, domin ayyukan talla ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Abin da aka sa a sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace. Bidiyo ko rubutu mai amsa tambayar da mutane ke nema kullum yana iya shekara yana kawo masu saye. Hajar da za ta daɗe a kasuwa ita ta cancanci irin wannan aiki mai nauyi.

Sharuɗɗan biya

La'adar da aka rubuta wa dillali a allo ba ta zama kuɗi ba sai ta shiga asusunsa. Tsakanin biyun akwai sharuɗɗa, kuma karanta su kafin a fara wajibi ne.

Na farko shi ne wa'adin shaida. Idan mutum ya danna mahaɗi, akan ajiye 'yar alama a wayarsa, wadda ake kira kuki, mai tuna ta hannun wa ya zo. Alamar tana da wa'adi. A Amazon awa 24 ne, sai dai in mutum ya sa kayan a kwandon saye cikin wannan lokaci, to ana ɗaga masa zuwa kusan kwana 90. Wasu kamfanonin suna ba da kwana 30 ko fiye. Muhimmancin wannan yana bin tsadar haja. Abin naira 3,000 a take ake saye. Abin naira 300,000 sai an yi shawara, an tambayi na gaba, an jira albashi. Haja mai tsada da gajeren wa'adi dillali take cuta. Yawancin tsare-tsare kuma wanda aka danna mahaɗinsa a ƙarshe suke ba la'ada, ko da wani ne ya yi wahalar gamsar da mai saye.

Na biyu shi ne zagaye. A kasuwa an san mai sayen da dillali zai nuna wa kaya, ya tafi, ya dawo ta bayan fage ya sasanta da mai su. A intanet hakan na faruwa idan shafin mai haja ya baje lambar waya yana cewa a kira a yi oda. Duk wanda ya kira ya fita daga lissafin mahaɗi. A inda mutane suka fi yarda da jin murya kafin su saki kuɗi, wannan ƙofa tana iya kwashe ciniki mai yawa. Sai an tambayi mai haja yadda yake lissafa irin wannan oda.

Na uku shi ne lokaci da hanyar biya. Amazon yakan biya kusan kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki, kuma yana rufe asusun sabon dillalin da bai kawo ciniki 3 cikin kwana 180 na farko ba. Kusan kowane tsari yana da mafi ƙarancin adadin da sai an kai shi ake fitar da kuɗi. Wanda ke biyan talla yau, la'ada sai bayan wata biyu, yana buƙatar abin riƙe kansa a tsakani. A kuma tabbatar tsarin yana karɓar mutanen ƙasar da dillali yake, yana da hanyar turo musu kuɗi. Yin rajista da adireshin ƙarya na wata ƙasa ha'inci ne, kuma ranar da aka nemi takardar shaida, asusun da abin da ke cikinsa sun tafi.

Ingancin haja da amana

Ko lissafi ya fita, saura tambaya mafi nauyi: wanda ya saya zai gode ko zai yi nadama? Wannan tambaya tana cikin lissafin riba ta hanya biyu. Ta kusa ita ce mayar da kaya, domin idan aka mayar ana janye la'ada, kuma a ClickBank wa'adin mayarwa na yau da kullum kwana 60 ne. Ta nesa ita ce amana, wadda ita ce ainihin jarin dillali.

A misalta wata matashiya mai zauren mata 300, yawancinsu dangi da ƙawaye da maƙwabta. Aka ba ta tallar wani man gyaran fata da la'ada mai tsoka. Ba ta shafa ba, ba ta duba lambar rajista ba, ta kwafi hotunan da aka turo mata ta watsa. Mata shida suka saya. Bayan mako biyu ƙanwar mahaifinta ta turo hoton kumatunta sun yi ja sun feso da ƙuraje, da saƙon murya: "'Yata, man nan da kika ce mu saya, dubi yadda ya mayar da ni." Gwaggon ba ta san kamfanin ba, ba ta da lambarsa, 'yar wanta ta sani. Kafin a watse daga wani biki da ya biyo baya labari ya zaga dangi. La'adar ciniki shida ta shiga hannu, amma duk abin da matashiyar za ta tallata nan gaba, ko mai kyau ne, da shakka za a karɓe shi. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Kariya daga wannan ita ce dillali ya san hajar da kansa. Ya saya ko ya aro, ya yi amfani da ita, ya nemi waɗanda suka daɗe da ita ya ji ta bakinsu, ya karanta ƙorafin masu saye fiye da yabonsu, ya gwada tuntuɓar mai hajar kamar shi mai saye ne ya ga yadda ake amsawa. Tallar abin da ba a gani ba cinikin biri a sama ne. Abinci da magani da kayan shafa a Najeriya suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, kuma rashin lambar rajistarta dalili ne isasshe na ja da baya. Maganin da aka ce shi kaɗai yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir, ko kwas mai alkawarin miliyoyi cikin mako biyu, girman alkawarin kansa gargaɗi ne.

Gaskiya a cikin talla ma tana cikin amana. Malamai sun halatta dillanci da karɓar la'ada, sun haramta ɓoye aibin kaya da shaidar ƙarya. Ƙirƙirar hoton kuɗin da ba a samu ba, ko yabon da ba wanda ya yi shi, yana cikin wannan hani. Kyautatuwa ce dillali ya bayyana cewa yana da la'ada a cinikin. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta wajabta wannan bayani, Amazon ma ya shardanta shi ga dillalansa. Mai faɗin aibin haja tare da alherinta yana iya rasa ciniki ɗaya yau, amma maganarsa ce za a nema gobe.

Bambanta dillanci da tarkon kawo wani a biya ka

Akwai tsare-tsaren da ke sanye da rigar dillanci alhali ba shi ba ne. Tambaya ɗaya ke tona su: daga ina kuɗin la'ada ke fitowa? A dillanci na gaskiya daga mai sayen da ke son hajar don amfaninta yake fitowa. A tarko daga kuɗin rajistar sababbin shiga yake fitowa, hajar kuwa, in ma akwai ta, fakewa ce kawai. Alamominsa sanannu ne: sai an biya kafin a sami izinin talla, ladan kawo mutum ya fi ladan sayar da kaya, kuma ba wanda zai sayi abin in ba don shi ma ya tallata shi ba. Kwas ɗin da duk darasinsa shi ne yadda za a sayar da shi wannan kwas ɗin yana kusa da wannan iyaka.

Najeriya ta ga ƙarshen irin wannan hanya. Wani tsari mai suna MMM ya yi alkawarin ribar kashi 30 a wata, yana ba da lada ga mai kawo wani, sannan ya daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016. Waɗanda suka jawo iyayensu da abokansu sun yi asara biyu, ta kuɗi da ta fuska. Tsarin da ke rayuwa da sababbin shiga dole ya tsaya ranar da suka ƙare, kuma na ƙarshe su ne mafi yawa. Duk ribar da aka ci a cikinsa daga aljihun wani aka zare ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gwaji da yanke hukunci

Hajar da ta tsallake waɗannan matakai ta cancanci gwaji, ba ta kai ga a zuba mata komai ba tukuna. A ware abin da in ya tafi ba zai taɓa kuɗin makaranta ko na abinci ba, kuma kada a ci bashi don gwaji. A sa iyaka tun kafin a fara: adadin kuɗi, adadin kwanaki, da adadin dannawar da za a jira. Dannawa 30 ba ta isa hukunci ba, domin ciniki ɗaya na sa'a ko rashinsa zai karkatar da lissafin. Ana buƙatar ɗaruruwa, kuma hajar da ba a cika saye ba tana buƙatar fiye da haka.

A riƙe littafi, ko na takarda ne. Kowace haja da shafinta: ranar talla, inda aka sa ta, abin da aka kashe, awoyin da aka yi, yawan dannawa, yawan ciniki, yawan mayarwa, da kuɗin da ya shigo asusu a zahiri. Littafin yana kuma nuna inda matsala take. Idan ba a dannawa, tallar ce ba ta yi ba, ko jama'ar ba su dace ba. Idan ana dannawa ba a saye, a duba farashi da shafin mai haja. Idan ana saye ana mayarwa, hajar ce ba ta da kyau, kuma gyaran talla ba zai magance wannan ba. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda domin a san wanne ya yi tasiri.

Idan wa'adin gwaji ya cika, hukunci uku ne. Hajar da ta bar riba bayan an cire dukan abin da aka kashe, masu sayenta kuma sun gamsu, a ƙara mata ƙarfi sannu a hankali, ana sake lissafi duk wata, domin la'ada da farashi da canji suna motsi. Wadda ta tsaya a kan iyaka, a gyara abu ɗaya a sake gwadawa sau ɗaya. Wadda ta ci kuɗi, ko ta jawo ƙorafi ko da tana kawo kuɗi, a ajiye ta ba tare da jin kunya ba, a ɗauki abin da littafin ya koyar zuwa haja ta gaba.